An Manna Mini Takardar Biyan Kuɗi a Wurin Ajiye Motata na Gidan Haya a Ingila: Dole Ne In Biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a gidan haya a wani bene mai fulat da yawa a Ingila, kuma wurin ajiye mota mai lamba yana cikin abin da na kama haya. Watanni bayan na tare, kamfanin da ke kula da ginin ya kawo wani kamfanin fakin mai zaman kansa, aka kafa alluna, aka raba mana katin izini. Wata rana katin ya zame daga gilashi ya faɗa ƙarƙashin kujera, da safe na tarar da takarda a manne cewa in biya fam 100, ko fam 60 idan na biya cikin kwana 14. Mai gidana ya ce ba ruwansa. Wasu sun ce in yi watsi da ita, wasu sun ce in biya in huta kada ta shafi bizata. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Duka shawarwarin biyu da aka ba ki ban goyi bayansu ba, domin wanda ya ce ki yi watsi da takardar yana magana ne da tsohon yayi, wanda kuma ya ce ki biya ki huta bai tambaye ki abin da ke rubuce a takardar hayarki ba, alhali a nan ne hukuncin maganar yake. Idan har yarjejeniyar da kika sa wa hannu ta ba ki wannan wurin ajiye mota ba tare da ta gindaya sharaɗin nuna kati ba, to kina da hujja mai ƙarfi, domin allon da wani kamfani ya zo ya kafa daga baya ba shi da ikon rage miki haƙƙin da kike biyan kuɗinsa duk wata. Bayanin da zan yi ya shafi Ingila da Wales ne, su kuwa Sikotilan da Ailan ta Arewa suna da nasu tsarin, musamman a kan wanda ake bi kuɗin tsakanin direba da mai mota.

Da farko ki dubi kan takardar da kyau. A Birtaniya akwai takardu iri biyu da ake taƙaita sunansu da haruffa ɗaya, wato PCN, kuma sun yi kama ƙwarai, har da jakar leda mai ruwan ɗorawa da ake manna su a ciki. Wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa ana rubuta mata Penalty Charge Notice, ita ce tara ta gaskiya da doka ta ɗora, kuma tana da tata hanyar ƙorafi dabam. Wadda kamfani mai zaman kansa ke bayarwa kuwa Parking Charge Notice ce, kuma a wurin shari'a iƙirari ne kawai cewa direba ya ga allo, ya amince da sharuɗɗan da ke jiki ta hanyar ajiye motarsa, sannan ya saɓa, don haka kamfani yana binsa kuɗi. Ba laifi ba ne da 'yan sanda ke shiga, ba ya sa a rubuta wa mutum maki a lasisin tuƙi, kuma kamfanin ba shi da ikon karɓar ko sisi da ƙarfi sai ya je kotu ya yi nasara. Tun ranar 1 ga Oktoba 2012 doka ta hana irin waɗannan kamfanoni ɗaure ƙafar mota ko janye ta a fili mai zaman kansa.

Dokar da ta hana ɗaure mota, wato Protection of Freedoms Act ta 2012, ita ce kuma ta buɗe wa kamfanonin wata ƙofa, domin a Jadawali na 4 ta ba su damar bin wanda sunansa ke kan rajistar mota idan ba su san direban ba, matuƙar sun cika wasu sharuɗɗa. Sannan a shekarar 2015 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar kamfanin ParkingEye da Barry Beavis, wanda ya ajiye mota a wurin cin kasuwa a garin Chelmsford inda aka ba da awa biyu kyauta, ya wuce lokaci da kusan awa ɗaya, aka caje shi fam 85. Ya yi jayayya cewa kuɗin horo ne da ya wuce asarar kamfanin, amma kotu ta ce kamfanin yana da halastacciyar buƙata ta ganin motoci suna tashi wasu suna shiga domin masu shaguna su samu ciniki, allunan kuma manya ne a bayyane, don haka kuɗin ya tabbata. Tun daga nan kamfanoni suka ƙara ƙaimin kai mutane ƙara, kuma suna da shekara shida su yi hakan. Shi ya sa shiru ya daina zama kariya.

To amma abin da ya faru a Chelmsford ya sha bamban da naki, kuma wannan bambancin shi ne ginshiƙin duk abin da za ki rubuta. Beavis baƙo ne a filin wani, ba shi da wani haƙƙi a wurin sai wanda allon ya ba shi, ya karɓi awa biyu kyauta a kan sharaɗi. Ke kuwa kin riga kin mallaki izinin ajiye mota a wannan wurin tun ranar da kika sa hannu a takardar haya, tun kafin a san da zuwan kamfanin. A dokar Ingila yarjejeniya ba ta ƙulluwa sai kowane ɓangare ya ba ɗayan wani abu, to me kamfanin ya ba ki? Ba zai ce ya ba ki izinin fakin ba, domin kina da shi daga wanda ya fi shi iko da wurin. Kamar a ba mutum hayar ɗaki ne tare da rijiyar tsakar gida, bayan wata uku maigadi ya rataya kwali a bakin rijiyar cewa duk wanda ya ja ruwa ba tare da ya nuna masa kati ba zai biya shi. Akwai kuma tsohuwar ƙa'ida a dokar filaye cewa wanda ya ba da haƙƙi ba zai zagaya ya ƙwace shi ko ya tauye shi ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yi aiki da ita a shari'ar Saeed da Plustrade a 2001, inda mai gini ya rage wuraren ajiye mota da mazauna ke da haƙƙin amfani da su, kotu ta ce bai isa ba. A 2016 kuma, a wata ƙara da aka ɗaukaka a kotun gunduma ta Oxford, wato Jopson da Homeguard, wata mata da ke zaune a Milton Keynes ta tsaya 'yan mintoci a ƙofar benensu tana sauke kayan ɗaki aka caje ta, alƙali ya ce allon kamfani ba zai shafe haƙƙin da takardar mallakarta ta ba ta ba, kuma tsayawa kaɗan domin sauke kaya ba ajiye mota ba ne. A wannan shekarar dai an samu hukunce-hukunce irin na Pace da Mr N, da Link Parking da Ms P, inda alƙalai suka fifita takardar mazauni a kan allon kamfani. Sai dai ki riƙe wannan: hukuncin kotun gunduma ba ya ɗaure wani alƙali, yana taimakawa ne wajen jan ra'ayinsa, don haka kada ki ɗauka ambaton sunayen nan kaɗai ya wadatar.

Saboda haka aikin farko, tun kafin ki rubuta wa kowa, shi ne ki ɗauko takardar hayar ki karanta ta daga farko har ƙarshe, har da shafukan da aka maƙala a baya. Ki fara da shafin da ya bayyana abin da aka ba ki haya. Idan an rubuta fulat mai lamba kaza tare da wurin ajiye mota mai lamba kaza, kuma babu inda aka ce sai an nuna kati ko sai an bi ƙa'idar wani kamfanin fakin, to matsayinki ya yi kyau matuƙa, domin wurin ya zama ɓangaren gidanki kamar yadda kicin da banɗaki suke. Daga nan ki sauka zuwa jerin wajiban ɗan haya, wanda yawanci shi ne mafi tsawo kuma mutane suka fi tsallakewa. A can ne ake ɓoye jimlar da ke iya sauya lissafi, wadda ke cewa ɗan haya zai bi duk ƙa'idojin da mai gida ko masu kula da ginin za su riƙa fitarwa lokaci zuwa lokaci, ko kuma zai kiyaye sharuɗɗan babbar takardar mallaka da ke hannun mai gida. Idan kin ci karo da irin wannan jimla, magana ba ta mutu ba, amma ta zama abin muhawara. Kamfanin zai ce tsarin kati yana cikin waɗannan ƙa'idoji. Ke kuma za ki ce ikon tsara yadda ake amfani da wuri abu ne dabam da ikon ɗora wa mazauni biyan fam 100 ga wani kamfani na waje da sunansa bai fito a yarjejeniyar ba, kuma za ki tambaya ko an sanar da ke sabuwar ƙa'idar a rubuce ta hanyar da yarjejeniyar ta tanada. Alƙalai sun sha rabuwa a kan wannan gaɓa, kuma kalmomin da aka yi amfani da su ne ke yanke hukunci. Idan kuwa takardar ba ta ambaci fakin ba kwata-kwata, sai ki nemi tallar gidan da kika gani kafin ki kama, da jerin kayan da aka miƙa miki ranar tarewa, da saƙonnin imel ko na WhatsApp da dillali ya ce miki wurin naki ne, domin duk suna nuna abin da aka yi ciniki a kai. Wanda takardarsa ta faɗa ƙarara cewa sai ya nuna kati, kuma tsarin yana nan tun kafin ya tare, gaskiya hujjarsa ta raunana, amma bisa abin da kika bayyana ba halin da kike ciki ba ke nan.

Babbar takardar mallaka da na ambata tana buƙatar ɗan bayani, domin a nan ne maganar mai gidanki ta cewa ba ruwansa take faɗuwa. A yawancin benaye a Ingila wanda ya sayi fulat bai mallaki filin ba, yana riƙe da fulat ɗin ne a kan doguwar yarjejeniya ta shekara 99 ko 125 ko 999 daga mai filin, kuma a cikin wannan takarda ake rubuta ko wurin ajiye motar nasa ne shi kaɗai, ko kuwa izini ne na amfani da fili tare da sauran mazauna. Abin da ya ba ki haya daga can ya samo asali, kuma kamfanin da ke kula da ginin ba zai iya ba kamfanin fakin ikon da shi kansa ba shi da shi ba. Sauya irin wannan takarda ba a yin sa da wasiƙar da aka zura a ƙarƙashin ƙofa. Dokar masu gida da 'yan haya ta 1987, a sashe na 37, ta ce idan takardun sun haura takwas, ba za a nemi kotun musamman ta sauya su da rinjaye ba sai kashi 75 cikin 100 na masu ruwa da tsaki sun yarda, kuma waɗanda suka ƙi ba su wuce kashi 10 ba. Don haka ki rubuta wa mai gidanki cikin ladabi ki roƙe shi abu biyu kacal, waɗanda ba za su ci masa kuɗi ba: hoton shafukan takardarsa da suka yi magana a kan fakin tare da taswirar da ke nuna wurin, da gajeriyar wasiƙa mai tabbatar da cewa ke ce 'yar hayarsa kuma wurin yana cikin hayarki. Ki tuna masa cewa doka ta ɗora wa kowane mai gida wajibin barin ɗan haya ya mori abin da ya kama ba tare da tsangwama ba, kuma shi ne mai biyan kuɗin kula da gini, don haka masu kula da ginin sun fi jin maganarsa a kan taki. Idan ya ƙi, kowa yana iya neman kwafin takardar daga ofishin rajistar filaye, HM Land Registry, a kan kuɗi kaɗan.

Hanyar da ta fi saurin kashe irin wannan takarda, a abin da na sani, ba ta kotu ba ce, ta kamfanin da ke kula da ginin ce, domin su suka ɗauko masu fakin, kuma galibi kwangilar da ke tsakaninsu ta ba su damar cewa a soke. Ki aika musu imel da lambar takardar, da hoton motarki a wurinki mai lamba, da hoton katin izinin, da shafin hayar. Ki ce musu tsarin da aka kawo domin kare mazauna daga baƙin da ke cushe musu wuri bai kamata ya koma farautar mazaunan ba, ki nemi su umarci kamfanin ya soke. Wani lokaci amsar farko takan zo cewa ba su da hannu a ciki, kada ki tsaya a nan, ki nemi a shigar da maganar a matsayin ƙorafi na hukuma bisa tsarin ƙorafinsu. Abin yana ba ni takaici ƙwarai ganin mutumin da ya dawo daga aikin dare a asibiti ko gidan kula da tsofaffi ana cajinsa kuɗin yini guda saboda ya ajiye mota a inda yake biya, kuma ina ganin ya dace a faɗa wa masu kula da gini hakan a fili.

Yayin da kike jiransu, kada ki bar wa'adin ƙorafi ya wuce. Kina da kwana 28 ki rubuta wa kamfanin fakin da kansa, kuma ki yi ta shafinsu na intanet ko ta wasiƙa, kada ki kira waya, domin abin da aka faɗa a waya ba ya barin shaida a hannunki. Kada ki biya da niyyar yin ƙorafi daga baya, domin da zarar kuɗi sun shiga sukan rufe fayil su ce an amsa. Wasiƙar ta zama gajeriya: cewa ke ce mai rajistar motar kuma 'yar haya a gida mai lamba kaza, cewa yarjejeniyarki mai kwanan wata kaza ta ba ki wannan wuri ba tare da sharaɗin kati ba, cewa ba ki ƙulla komai da su ba kuma allonsu ba zai sauya haƙƙinki ba, sannan ki nemi su nuna rubutaccen izinin da mai filin ya ba su na aiki a wannan wurin takamaimai. Ba na son ki cika wasiƙar da ban haƙuri da labarin yadda kati ya faɗi, domin wanda ya nemi afuwa tamkar ya yarda ne cewa ya saɓa wani wajibi. Ki ambaci cewa kina da katin, ki maƙala hotonsa, ki ce kina nuna shi ne domin sauƙaƙa aiki, ba domin doka ta tilasta ki ba.

Akwai batun direba da ya kamata ki fahimta. Doka ba ta tilasta wa mai mota ya faɗa wa kamfani mai zaman kansa wanda ya tuƙa ba, saɓanin yadda yake idan 'yan sanda ne suka tambaya. Idan kamfanin bai san direba ba, ba zai iya bin mai rajista ba sai ya aiko da takardar sanarwa ta gidan waya a cikin wa'adi: idan an manna takarda a gilashi kamar taki, sanarwar za ta iso tsakanin kwana na 29 da na 56, idan kuma kyamara ce ta ɗauki lamba ba a manna komai ba, za ta iso cikin kwana 14. Dole ne kuma ta ƙunshi bayanan da dokar ta lissafa, ciki har da lokacin da motar ta yi a ajiye da gargaɗin cewa bayan kwana 28 kuɗin zai koma kan mai rajista. Kamfanoni da yawa suna kuskure a nan, shi ya sa ya fi kyau a wasiƙar farko ki yi magana a matsayin mai rajista kawai, kada ki ce ni na ajiye. Amma ba na ganin wannan a matsayin babban makaminki. Idan magana ta kai kotu kuma ke ce kika tuƙa, faɗin gaskiya wajibi ne, kuma ba zai cutar da ke ba, domin haƙƙin da kike tsayawa a kai naki ne a matsayin 'yar haya, ko wa ya riƙe sitiyari.

Idan suka ƙi ƙorafin, wanda shi ne abin da ya fi yawan faruwa, wasiƙar ƙin za ta nuna miki mataki na biyu. Kamfanonin da ke son hukumar rajistar motoci ta DVLA ta sayar musu da adireshin masu mota, a kan fam 2.50 kowane ɗaya, dole ne su kasance cikin ɗaya daga ƙungiyoyi biyu na kamfanonin fakin, wato BPA da IPC. 'Yan ƙungiyar BPA ana kai ƙorafi a kansu gaban POPLA, wata hukuma mai zaman kanta da ke sake duba ƙorafin fakin, cikin kwana 28 da lambar da za su ba ki, 'yan ƙungiyar IPC kuma ana kai nasu gaban takwararta IAS cikin wa'adin da ke jikin wasiƙar. Tambarin ƙungiyar yana jikin allon da takardar. Hukuncin POPLA yana ɗaure kamfani idan kin yi nasara, amma ba ya ɗaure ki idan kin faɗi, sai dai rangwamen fam 60 ya tafi ke nan. Masu duba ƙorafi a waɗannan wurare sun fi mayar da hankali ga alluna da wa'adi da izinin mai fili, ba su cika zurfafa bincike a kan dokar haya ba kamar yadda alƙali zai yi, don haka faɗuwa a can ba ta nufin hujjarki ba ta da tushe. Ƙungiyoyin biyu sun fitar da kundin ƙa'ida guda da ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2024, wanda ya tsayar da kuɗin a fam 100 da rangwamen kashi 40 cikin 100 ga wanda ya biya cikin kwana 14. Kundin ƙa'ida na gwamnati da wata doka ta 2019 kan fakin ta yi alkawari an fitar da shi a Fabrairun 2022, aka janye shi a watan Yuni na shekarar bayan kamfanoni sun ƙalubalance shi.

Bayan wannan sai wasiƙun kamfanonin karɓar bashi su fara zuwa, da jan rubutu, kuma kuɗin ya hau zuwa fam 170. Waɗannan ba ma'aikatan kotu ba ne, ba su da ikon shiga gidanki ko ɗaukar kayanki, kuma wasiƙarsu ba ta taɓa tarihin bashinki. Ƙarin fam 70 ɗin ma abin ja ne, domin dokar 2012 ta ce abin da za a bi mai rajista ba zai wuce adadin da ke jikin takardar sanarwa ba. Ki adana wasiƙun kawai. Takardu biyu ne ba a yi musu shiru. Ta farko ita ce wasiƙar gargaɗin shigar da ƙara, wadda ke ba ki kwana 30 ki amsa, kuma a nan za ki maimaita hujjarki ki nemi duk takardun da suke dogara da su. Ta biyu ita ce takardar ƙara ta gaskiya mai hatimin kotu, wadda yawanci ke fitowa daga cibiyar kotu da ke Northampton. Ana ɗaukar cewa ta iso ki kwana 5 bayan ranar da ke jikinta, daga nan kina da kwana 14 ki amsa, idan kuma kika aika da shaidar cewa kin karɓa sai wa'adin shigar da kariya ya koma kwana 28. Irin wannan ƙara tana shiga sashen ƙananan ƙararraki, inda ba a buƙatar lauya, kuma wanda ya faɗi ba ya biyan kuɗin lauyan abokin shari'a sai 'yan kuɗaɗen da aka ƙayyade, matuƙar bai yi halin rashin hankali ba. Tun watan Mayun 2024 ana fara haɗa ɓangarorin biyu da mai sulhu ta waya kyauta, kuma ba dole ba ne ki yarda ki biya komai a wurin sulhun. Ofisoshin Citizens Advice suna taimakawa kyauta wajen duba takardu.

Game da biza, ki kwantar da hankalinki amma ki fahimci inda haɗarin yake. Takardar kamfanin fakin ba laifi ba ce, kuma jayayya da ita ba ta shiga fayil ɗinki na shige da fice. Abin da ke iya barin tabo shi ne hukuncin kotu na bashi, wanda ake kira CCJ. Ko da kin je kotu kin faɗi, idan kika biya cikin wata ɗaya ana cire sunanki daga rajistar hukunce-hukunce, idan kuwa ba a biya ba yana zama shekara shida, ya hana mutum rance da kama sabon gidan haya, kuma fom ɗin biza yana tambaya ko an taɓa yanke wa mutum hukuncin bashi a kotu, wanda dole ne a amsa da gaskiya. Da yawa daga waɗanda wannan ya faɗa wa ba a gaban alƙali suka faɗi ba, hukunci aka yanke a bayan idonsu saboda takardar ƙara ta tafi tsohon adireshi. 'Yan haya sun fi kowa shiga wannan rami saboda yawan sauya gida. Ki duba takardar rajistar motarki ta V5C yau ki tabbatar adireshin yanzu ne a jiki, domin sauya adireshi a lasisin tuƙi ba ya sauya na rajistar mota, kowanne dabam ake yi. Idan kika tashi daga gidan kafin maganar ta ƙare, ki rubuta wa kamfanin fakin ki ba su sabon adireshi ki riƙe kwafi, domin neman kotu ta soke hukuncin bayan ido yana cin fiye da fam 300 kafin a saurare ki.

Ko ya fi sauƙi a biya fam 60 a wuce wurin? Ga wanda ya je kasuwa sau ɗaya aka caje shi, wani lokaci lissafin yakan kai haka. Ga mazauni kuwa ban ga hikimarsa ba idan takardar haya tana tare da shi, domin a wurin zai ci gaba da kwana kullum, kati zai sake faɗuwa, za a ba shi motar aro ranar da tasa ke gareji, baƙonsa zai zo, kuma biyan farko yana iya zama abin da kamfanin zai nuna a ce ya amince da tsarin. Saboda haka a wasiƙar da za ki aika wa masu kula da ginin ki haɗa da buƙatar a cire wurinki daga sintirin kamfanin, ko aƙalla a sa lambar motarki cikin jerin waɗanda ba a taɓawa. Kafin a amsa miki, ki sayi ƙaramar jakar leda mai mannewa a gilashi ki sa katin a ciki, ki ɗauki hotonsa a manne, domin nuna kati tare da rubutacciyar sanarwa cewa ba ki sarayar da haƙƙinki ba ya fi miki sauƙi a kan tara takardu biyar kina jayayya da su. Idan kuma aka sake manna wata kafin a warware ta farko, kowace takarda sai an yi mata nata ƙorafin da lambarta, a cikin nata wa'adin.